Bawul ɗin da Na Yi wa Walda a Inda Bai Dace Ba

Zuwa ga ɗan'uwana Sanusi, a Jidda.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Mutanen garejinmu na Sakkwato suna gaishe ka, waɗanda suka rage cikin waɗanda ka sani. Na rubuta wannan a fili ne domin na sha ɗaukar waya zan kira ka, in mayar da ita aljihu.

Shekaranjiya aka nuna mini hotonka a garejin da kake shugabanta, motocin tsere jere a bayanka, ƙasa tas kamar a ci tuwo a kai. Na ce masha Allah da baki, amma abincin rana bai shiga ba.

Ka tuna jar motar nan ta wani matashi daga Gidan Dahala, wanda ya ce a ɗora masa turbo don inji ya ƙara ƙarfi? Maigidanmu Baba Ɗan'ige ni ya ba aikin, don na riga ka shiga hannunsa da shekara uku. Kwana tara ina lanƙwasa bututu huɗu, kowane daga silinda ɗaya, har na haɗe su a bakin turbo. Walda ta yi kyau, kai ma ka faɗa.

Saura bawul ɗin da ke buɗewa ya zubar da rarar hayaƙi, don kada turbo ya cusa wa inji iskar da ta fi ƙarfinsa. Na duba inda ya fi sauƙin kai hannu, na kafa shi a kan bututu na huɗu, a tsaye cak. Ka leƙo ka ce, "Yaya Ummaru, anya nan na wurinai?" Na ce ka je ka wanke sufana.

Da muka fita gwaji hanyar Dundaye, ina taka mota allurar gejin iskar turbo tana hawa. Ta kai inda na saita ta, ta wuce, ta ci gaba. Na ɗora laifi a kan sifirin ɗin da ke danne bawul, na canza shi har sau biyu. A fita ta uku gasket ɗin inji ya ƙone, muka turo mota gida da rana tsaka, mai ita yana biye da mu.

Washegari Baba ya miƙa maka aikin a gabana. Ka yanke bawul ɗin, ka toshe ramin, ka mayar da shi mahaɗar bututun huɗu, dab da bakin turbo, ka kwantar da shi ya bi inda hayaƙin ya nufa. Nawa bawul ɗin hayaƙin silinda ɗaya kawai yake gani, shi ma sai ya sha kwana kafin ya fita, ukun kuwa suna wucewa abinsu. Naka duka huɗun suna samun hanya. Allura ta hau ta tsaya inda aka ce mata, har Kwalkwalawa da dawowa ba ta motsa ba.

Baba ya dafa kafaɗarka ya ce, "Wanga yaro yana ganin iska da idonai." Ni shekara goma sha ɗaya ina bakin wutarsa, bai taɓa gaya mini irin wannan ba. Tun ranar duk motar da aka ce "a kai wa Sanusi" sai in ji kamar an zare ta daga hannuna. Da ka samu tafiya, na raka ka tasha ina murna, kuma ba murnar da ka zata ba ce.

Ga abin da ya sa na rubuto. Da ciwon Baba ya tsananta, ni nake ɗaga shi, ni nake kai shi asibiti. Shi kuwa kullum tambayarsa ɗaya, "Sanusi ya bugo?" Ina da lambarka. Ban gaya maka ya kwanta ba sai da muka dawo daga maƙabarta.

Kuma ya bar maka guduma. Ta mahaifinsa ce, maƙeri, da ita ya gyara wa motocin farko ƙarfe zamanin da Turawa ba su daɗe da zuwa ba. Baba ya sa ta a hannuna ya ce, "Ka ba ƙanenka." Shekara shida ke nan tana cikin akwatina. Ban taɓa bugun ko ƙusa da ita ba, na kuma kasa rabuwa da ita.

Ba zan ce maka hassadar ta fita duka ba, don ka ga abin da hoto ɗaya ya yi mini. Amma jiya na naɗe gudumar, na kai wa ƙanwarka Hadiza da za ta tafi Umara. Ta tambaye ni ko da saƙo, na ce ta ce maka daga Baba ne, ya neme ka har ƙarshe, ni ne na tsaya a tsakani.

Ka yafe mini, ƙanena, in za ka iya. In ba ka iya yanzu ba, zan jira.

Allah Ya jiƙan Baba Ɗan'ige, Ya haskaka makwancinsa. Allah Ya ƙara wa hannunka albarka, ni kuma Ya ba ni zuciyar da za ta ce amin ba tare da ta yi ɗaci ba.

Naka,
Yayanka Ummaru.