Rigar Rantsuwar Malam Sabo

Agege, daren Talata, Mayu 1999

Murna ta hana ni barci. Yau Malam Sabo ya shigo shagona da farar shadda. Shekara da shekaru yana aikin haraji a nan Legas, ni nake yi masa facin riguna. Ga shi yanzu mutanen garinmu sun zaɓe shi ɗan majalisar jiha, jibi zai wuce gida.

Na ce, "Ranka ya daɗe, manyan telolin Kano fa?"

Ya yi dariya. "Habu, kai ka rufa min asiri lokacin faci, kai za ka ɗinka ta rantsuwa."

Nan take na ɗauki almakashi na fara yanka shaddar. Allah ya sa kada a ɗauke wuta gobe.