Fararen 'Ya'yan Mesa

Mashi, Litinin

Yaya Badaru,

Assalamu alaikum. Da fatan kai da Yaya Hussaina da Rahama kuna lafiya.

Direban da ya kawo saƙonka ya ce mesata ta haihu, kuma ka kwashi fararen 'ya'yan ka shanya a tsakar gida wai su yi launi. Shanya, Yaya, sai ka ce kuɓewa? Da aka yi mini canjin wurin aiki abu ɗaya na roƙe ka: ka ba su ɓera da ruwa, kada ka taɓa komai. Shekaru na yi ina kiwon waɗannan biyun, mace da namiji, da na sayo a Legas, irin na ƙasar waje masu haihuwa ba ƙwai ba, don in ga farin nan kawai. Wataƙila laifina ne da ban yi maka bayani ba. Amma rana kashe su take yi. Ka mayar da su inuwa yau.

Ƙanenka,
Yahya

Daura, Laraba

Malam mai macizai,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya.

Ka ajiye mini macizai a gida, maƙwabta sun daina shigowa ko ɗibar wuta, sannan ni za ka yi wa faɗa? Fararen sun mutu, saura ɗaya. Dama ba masu rayuwa ba ne. Uwa ruwan ƙasa, uba ruwan ƙasa, a haifo abu fari fat da jan ido? Tun ba ka san ɗaura wando ba nake kiwon tumaki, na kuma san aibi daga uwa yake fitowa. Wani mai magani daga Zango zai zo ran Juma'a ya tafi da ita da ɗan farin, mu huta.

Ka huta lafiya.
Badaru

Mashi, Alhamis

Yaya Badaru,

Bayan gaisuwa. Kada ka ba kowa mesata.

Farin nan ba cuta ba ce, gado ne. Yana ɓoye a jikin uwa, yana ɓoye a jikin uba, ba ya fitowa sai sun haɗu su biyun. Idan ɗaya kaɗai ke ɗauke da shi, har abada ruwan ƙasa za a yi ta haifa. Shi ya sa na wahala wajen nemo namijin.

Abin da zan faɗa yanzu na rubuta na soke, na sake rubutawa, har yanzu ban tabbata ya dace ba. Tun da aka haifi 'yarku Rahama zabiya kake goranta wa yayata wai daga gidanmu ne. Kake kuma tura yarinyar kiwo da tsakar rana wai fatarta ta saba. Na tambayi likitan asibitinmu, ya ce haka abin yake a mutane ma, sai daga ɓangare biyu. Ka ga abin da rana ta yi wa fararen macizaina. Idan na yi rashin kunya, na yi.

Wassalam,
Yahya

Daura, Asabar

Yahya,

Salam. Mai maganin ya zo, na sallame shi. Ɗan farin yana ɗaki, ya ci ɓeransa na farko.

Yayarka ta riga ni karanta takardarka. Na je Sandamu na tambayi Innata. Ta ambaci wani ƙanen kakana, zabiya, da ban taɓa jin sunansa ba.

In za ka zo, ka taho wa Rahama da malafa ƙarama mai faɗin baki.

Yayanka,
Badaru