Takardar da Na Sauke Daga Bango

Auta,

Bayan gaisuwa, ya jikin Babanku, ya yayarki da yara? Ni lafiya lau. Gwiwar ma da sauƙi, sai dai in na ɗaga tsohuwar da nake jinya.

Takardunki sun iso. Na kai wa ɗan tsohuwar, farfesan da ya yi alkawarin nema miki gurbin digiri na biyu. Shekara huɗu ina cika masa baki da babbar jami'ar da ta ɗauke ki. Ya duba, ya cire tabarau, ya ce, "Mama, ai ba makarantar da kike faɗa ba ce. Wannan ko rajista ba ta da ita. Ba jami'ar da za ta karɓe ta, masu ɗaukar aiki ma haka."

Sai da na matsa wa yayarki ta ce tun shekarar farko kika bi ƙawaye kwalejin kusa da gida, kuma kowa ya sani sai ni. Kuskure ana yafe shi, Auta. Amma gida guda ku haɗa baki ku rufe ni, wannan ba tarbiyyata ba ce.

Farfesa ya ce sai kin sake shekara biyu a jami'ar da aka sani. Za ki yi. Na fasa dawowa gida bana, zan ci gaba da aiki in biya kuɗin.

Takardar gurbin babbar jami'ar nan da na rataye a saman gadona, na sauke ta. Ƙusar tana nan, ina jiran ta gaskiya.

Allah ya shirye ki.

Mahaifiyarki