Dalilin da Ya Sa Na Mayar da Furarki

Zuwa ga Hajo, inuwar gawo a tsakiyar bazara, sanyin sabuwar randa, ruwan shuka na gonakin garin Gangara! Gaisuwa mai yawan gero daga Kalilunki na Sabon Birni, wanda barci da abinci suka yi wa yaji tare.

An ce kin yi fushi don ƙwaryar furar da kika aiko ta koma miki cike, ko ludayi ba a tsoma ba. Na san abin da mayar da ƙwarya cike yake nufi a wurinmu: ba ni so. Ni? Ni da na shanye furarki a kasuwar Isa ranar da muka fara haɗuwa, barkono yana tsinka mini hawaye, kina dariya kina ƙara mini nono mai tsami? Haba, tauraruwata!

Ga gaskiyar magana. Ƙwannafi ya addabe ni, wuta tana tasowa daga ciki har maƙoshi. Na hau babbar mota zuwa asibitin birni. Can likita Bature ya zura mini siririn tiyo na roba ta hanci, wayyo hancina, har ya sauka ƙirji! Na yi atishawa, na yi kakari, na yi kalmar shahada. Ya zuƙo ruwa, ya ɗiga a kan wata 'yar takarda shuɗiya, nan take ta koma ja kamar gauta. Tafinta ya ce tsamin cikina ne ke hawowa inda ba a gayyace shi ba, kuma in bar yaji da nono mai tsami. Na dawo da tsoro, ƙwaryarki ta iske ni a cikinsa. Ban ƙi ki ba, fitilata, takardar ce ta razana ni.

Yanzu ina jin wai Wada mai jakuna ne ke shan furar da kika saba dama mini, har yana lasar ludayi! Wannan labari ya fi tiyo zafi. Kishi ya kama ni, ba na ɓoyewa. Shin Baturen nan ya taɓa ganin wushiryarki? Da ya gani, da shi ma ya yar da takardarsa ya nemi ludayi.

Ranar kasuwa za ni zo Isa, da kanwa a aljihu don kashe ƙwannafi. Ki dama mini yadda kika saba, kada ki rage barkono ko ƙwaya ɗaya, za ni shanye a gaban jama'a. Wada cikin jaki gare shi, furar kowa yana sha ya kwana lafiya. Ni kuwa na san abin da za ta yi mini, kuma ina miƙo hannu biyu. Ki duba wanda ya fi sonki a cikinmu.

Naki har ƙasa ta rufe ido, ko ana ƙuna ko ana sanyi,

Kalilu