Hoton Lasin Lawali

Kumasi, Maris 1998

Ɗana Lawali,

Bayan gaisuwa, yaya Innarka da mutanen Furfuri? Ni lafiya lau, ɗakin ne dai shiru.

Na ji kana haɗa takardun lasin tuƙi, saura rantsuwar shekaru a kotu. Kada ka rantse kan kintace. Da damina aka haife ka, shekarar da motoci suka koma hannun dama, 1972. Ni na yi maka huɗuba.

In ka je Gusau ɗaukar hotunan lasin, mai hoto ya wanke mini ɗaya. Amma babba, don ƙananan nan yanzu idona ba ya ganinsu, sai dai in shafa. Kada ka jinkirta.

Allah ya yi albarka.

Kawunka,
Bawa