Ƙofar da Ba Ta da Ƙyaure, Yaya Za a Buɗe Ta?

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Unguwarmu, Gadarif.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwar girmamawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da sauran 'yan kwamiti. Allah ya sa mu ga amfanin daminar bana.

Ranka ya daɗe, ni ne Haruna mai man riɗi, ɗan Malam Isiyaku na gidan da ke jikin Ƙofar Alhazai. Ka san ni tun ina yaro, ko da yake na daɗe a Khartum, sai da yaƙi ya koro mu a 2023 na dawo gidan mahaifina da iyalina. Na je ofishinka ban same ka ba. Na tare ka a bakin masallaci, ka ce min "ba'adain", wato sai an jima, kuma har yau an jimar ba ta zo ba. Shi ya sa na rubuto a fili.

Maganar ƙofar ce. Kakanninmu da suka taso daga Katsina a ƙafa za su Makka, suka yada zango a nan, su suka gina ta da ƙasa da azara, suka yi mata bakan gizo irin na ƙofar birnin da suka baro. Ta nan alhazai ke fita, ta nan kuma ake fitar da gawa a kan angarib, gadon igiyar nan namu, zuwa makwanta. Mahaifina yana kwance tun farkon damina, ƙafa ba ta takawa. Wasiyyarsa guda ce: a fitar da shi ta ƙofar da aka fitar da mahaifinsa. Na ɗaukar masa alkawari hannuna cikin nasa, kuma ina tsoron kwamitinku zai sa in saɓa.

Na farko, kalmar da kuka yi amfani da ita. A taron da kuka kira bayan la'asar, sakatarenka ya yi bayani da Larabci, ya ce aikin da za a yi shi ne "fathul bawwaba". Mai fassara ya juyo ya ce wa dattawa za a buɗe ƙofa. Wa zai ƙi a buɗe ƙofa? Baba Ɗanjuma, dattijon layinmu, har hannu ya ɗaga ya yi muku addu'a. Ni ma sai da na koma rumfata a kasuwa maganar ta dawo min. Ranka ya daɗe, ƙofar nan ba ta taɓa yin ƙyaure ba. A buɗe take tun ranar da aka gina ta, jakai da masu kura suna wucewa wuni guda. To me za a buɗe? Na zauna a Khartum, na ga yadda ake "buɗe" titi: katafila ce ke zuwa da safe, kafin azahar ba katanga ba rumfa. Larabcin dattawanmu na kasuwa ne da na masallaci, na ofis daban yake. Kai kuwa ka san duka biyun, ka kuma san Hausa tana da kalmar rushewa. Kana zaune a wurin, ba ka gyara wa mai fassara ba.

Na biyu, awo. Injiniyan da kuka aiko ya zo da igiyar awo ina tsaye. Na zaci tsagewar da ke gefen hagu zai duba, har na nuna masa da yatsa. Ko kallonta bai yi ba. Faɗin ƙofar ya auna, ya auna tsayin bakan, sannan ya fita ya auna bayan wata lori da ke tsaye a waje. Da na tambaye shi me ya haɗa gyaran ƙofa da lori, sai ya ce min "da ma shuglak", wai ba ruwana. Washegari muka wayi gari da jan fenti a jikin bangon. Irin fentin nan na san shi, ba na ado ba ne.

Na uku, kuma a nan ne hankalina ya ƙi kwanciya sam. An gina sabon sito a ƙarshen layinmu, cikin unguwa. Lorin da ke ɗauko dawa da riɗi daga gonakin Gedambaliya ba ta shiga ƙarƙashin bakan, dole ta tsaya a waje 'yan dako su yi ta jigila. Ana raɗe-raɗin mai siton surukin wani ɗan kwamiti ne. Ban rantse ba, ba kuma zan kama suna ba. Amma ƙofar da ta yi zamanin kakanni ba ta tare wa kowa hanya ba, sai bana da aka gama rufin sito aka tuna tana da matsi. Kai ma da a ce ba kai ne shugaba ba, da ka ce da lauje cikin naɗi.

Sai maganar yaɓe. Kowace shekara mutanen unguwa ke haɗuwa su yi wa ƙofar yaɓe kafin ruwa ya sauka. Bana kuka aiko a dakata, wai za ku kawo siminti. Muka dakata don girmamawa. Siminti bai zo ba, ruwa ya zo, tsagewar ta ƙara baki. Yanzu kuma daga bakin 'yan kwamitin ake jin cewa ƙofar ta zama haɗari ga yara. Ban san ko sakaci ba ne ko shiri, amma ni dai na fi zargin shiri, kuma raina ya ɓaci ƙwarai.

Don haka ina roƙon abubuwa kamar haka. A sake kiran taro, ka tashi da kanka ka faɗa wa dattawa da Hausa abin da za a yi wa ƙofar, in rushewa ce a ce rushewa, sannan a sake tambayarsu ko sun yarda. A goge jan fentin. A bar mu mu yi yaɓenmu, ƙasa da hannuwa muna da su, ba ma neman komai a wurinku. In kuma lori ce dole sai ta shiga, akwai fili ta bayan unguwa, a yi mata hanya can.

Na so in ɓoye wa mahaifina duk wannan, amma masu zuwa dubiya sun riga ni. Jiya ina juya shi a kan gado ya riƙe min hannun riga, ya ce, "Haruna, shugaban nan ni na yi masa huɗuba ranar da aka haife shi, ba zai ɓoye min ba. Ka ce masa in sun sa ranar rushe ta ya faɗa min, in roƙi Allah ya ɗauke ni kafin ranar."

Ga shi na isar maka da saƙonsa, ranka ya daɗe. Kai ke da amsar, gidan kuma ka san shi.

Allah ya yi maka jagora, ya raba ka da mugun mashawarci, ya sa ka gama da duniya lafiya.

Wassalam.

Naka,
Haruna ɗan Malam Isiyaku.