Na Warke, Amma Kaka Ta Ajiye Min Taɓarya

Anti Saudat, ki taimake ni, murna ce ta jefa ni cikin damuwa.

Bana na kammala karatu a Ƙaura Namoda. Ranar Larabar da na dawo gida Shinkafi, da hantsi, ciwon kai ya kama ni a ƙeya. In na miƙe sai ya taso, in na kwanta ya lafa. Wasu suka ce lalaci ne, wasu suka ce iska. Kakata Zulai ce kaɗai ba ta yi min gori ba, ta zauna gefen tabarmata tana ba ni kunu.

A asibitin Sakkwato hoto ya nuna ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa da laka yana yoyo ta bayana, ba faɗuwa ba rauni. Likita ta ɗebi jinina ta yi min allura da shi a wurin, ya toshe. Yanzu ina sallah a tsaye! Har ƙofar gida nake zuwa don kawai in tsaya.

To, ashe Kaka ta yi alwashin ranar da na tashi ni zan daka gumbar sadaka da hannuna. Ta saka Juma'a, ta gayyato ƙawayenta har daga Katuru. Likita kuwa ta hana ni ɗaukar nauyi da yunƙuri tukuna.

Ban san abin da ya jawo yoyon ba. Ban san ko daka zai buɗe shi ba. Ban san yadda zan ce wa Kaka a'a ba.

Mai Tsayuwa, Shinkafi

Barka da arziki, 'yata! Allah ya ƙara lafiya.

Kada ki taɓa taɓaryar nan sai likita ta amince. Amma kada ki ɗauki alwashin Kaka wasa. Lokacin da ba ta da wani magani, shi ta riƙe. Ki kira likitar, ki ba Kaka wayar ta ji da kunnenta. Hukuncin alwashin kuma ku tambayi malami.

'Yan uwanki su daka. Ke ki zauna ki dunƙula, ki miƙa wa yara da hannunki. In ciwon ya dawo, ki koma asibiti nan take.

Kaka ba gumba take son gani ba, ke take son a gani tsaye. Ki ci kwalliya, ki tarbi baƙinta a ƙofa. Allah ya karɓi sadaka.